Dubhaltach Mac Fhirbhisigh: Rayuwar Masanin Nasabar Gelawa da Makomar Sunan Gidansu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Dubhaltach Mac Fhirbhisigh, masanin tarihi da nasaba na ƙasar Ailan wanda ya rayu a ƙarni na 17, tare da tarihin sunan gidansu. An bayyana asalin sunan da ma'anarsa a harshen Gelanci, da aikin gadon da ya ɗaukaka shi na tsawon shekaru fiye da 500. Daga nan aka duba karatun Dubhaltach da ayyukansa, musamman babban kundin nasabar da ya rubuta a birnin Galway a 1649 da 1650, ana tsakiyar annoba da yaƙi. Maƙalar ta nuna cewa ƙarancin masu amsa sunan a yau ya samo tushe ne daga rushewar sarautun da gidan yake yi wa hidima, da kuma mayar da sunayen Gelanci zuwa na Ingilishi, abin da ya sa zuriyar ta narke cikin sunan Forbes, wanda asalinsa na Sikotilan ne.

Fitilun Kalmomi: Gelanci, sunan zuriya, nasaba, rubutun hannu, Ailan

1.0 Gabatarwa

Gelawa su ne al'ummar da ke magana da harsunan Gelanci a tsibirin Ailan da tsaunukan Sikotilan da tsibirin Man. Mutanen Ailan suna cikin al'ummomin Turai da suka fara amfani da sunan zuriya mai bin gado daga uba zuwa ɗa. Tun a 916 kundayen tarihinsu suka ambaci rasuwar wani basarake da sunan Ua Cléirigh, wanda ake lissafawa cikin sunayen zuriya mafiya daɗewa a nahiyar. A wurinsu sunan zuriya shaida ce ta haƙƙi. Da shi ake sanin wanda ya cancanci sarauta, da wanda yake da rabo a ƙasar noma da kiwo, da kuma darajar mutum a gaban shari'a. Saboda haka kowace masarauta tana da gidan masana da ke tsare mata salsalarta.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje shi ne na Mac Fhirbhisigh, a arewacin lardin Connacht da ke yammacin Ailan. Masaninsa na ƙarshe, Dubhaltach, shi ne ya tattara kundin nasaba mafi girma da aka taɓa rubutawa da Gelanci. Ya adana sunayen ɗaruruwan gidaje da salsalarsu, amma sunan gidansu yana cikin waɗanda suka fi wuyar samu a Ailan ta yau. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hakan ya faru, ta hanyar bin rayuwarsa daga farko zuwa ƙarshe.

2.0 Asali da Ma'anar Sunan

Yawancin sunayen zuriya na Gelanci suna farawa ne da ɗaya daga cikin kalmomi biyu. Ta farko ita ce Mac, wato ɗa. Ta biyu ita ce Ó, wadda tsohuwar sigarta ita ce Ua, wato jika. Bayan kalmar sai sunan kakan da aka jingina zuriyar gare shi ya biyo a sigar mallaka. Mace kuwa ana kiranta da Nic a gurbin Mac, ko Ní a gurbin Ó.

Kakan da wannan gida ya jingina kansa gare shi sunansa Fear Bisigh. Kalmar fear tana nufin namiji ko mutum. Bisigh kuma sigar mallaka ce ta biseach, kalmar da ke ɗauke da ma'anar ƙaruwa da bunƙasa da wadata. Har yanzu tana raye a Gelancin Ailan: da ita ake bayyana samun sauƙin marar lafiya, da ita kuma ake kiran shekara mai ƙarin kwana ɗaya a watan Fabrairu. Ke nan Fear Bisigh yana nufin mutumin wadata, Mac Fhirbhisigh kuma ɗan mutumin wadata.

Rubutun sunan yana da wuyar karantawa ga baƙon harshen saboda wata ƙa'idar tsarin sauti. A Gelanci baƙin farkon kalma yakan tausasa gwargwadon matsayinta a nahawu, kuma ana nuna tausasawar da harafin h. Kalmar fear takan koma fir a sigar mallaka. Idan f ta tausasa ta zama fh, ba a furta ta sam. Idan b ta tausasa ta zama bh, sai ta koma sautin v. Harafin s da ke tsakanin wasulan i kuma ana furta shi kamar sh. Don haka furucin sunan ya yi kusa da Mak Irvishi. A tsofaffin rubuce-rubuce ana samun sa a matsayin Mac Fir Bhisigh ko Mac Firbisigh, kuma daga waɗannan sigogi masu bayyanar f ne aka samo Firbis da Ferbisie na takardun Ingilishi, da Firbissius na Latin.

3.0 Gidan da Aikinsa na Gado

Al'ummar Gelawa ta tsakiyar zamani ta rarraba ilimi tsakanin gidaje, kowane da fanninsa. Gidan Mac Aodhagáin ya shahara a shari'a, gidajen Ó Dálaigh da Ó hUiginn a waƙa, gidan Ó hÍceadha a magani, gidajen Ó Cléirigh da Ó Maolchonaire da Ó Duibhgeannáin kuma a tarihi. Babban masanin kowane fanni ana kiransa ollamh, kuma sarkin da yake yi wa hidima yakan ba shi ƙasar da zai ci, ya riƙe makaranta, ya sauke baƙi.

Gidan Mac Fhirbhisigh masana tarihi ne na ƙabilar Uí Fiachrach, wadda sarakunanta suka fito daga gidan Ó Dubhda. Su kansu sun kai salsalarsu ga Dathí ɗan Fiachra, kakan ƙabilar, wato suna ɗaukar kansu 'yan uwan sarakunan ta jini. Masani na farko da aka sani daga gidan shi ne Amhlaoibh Mór, wanda ya rasu a 1138. Sun fara zama a yammacin kogin Moy, daga baya suka kafu a Leacán, ko Lackan, a yankin Tireragh na gundumar Sligo, wata siririyar ƙasa da ke tsakanin duwatsu da gaɓar tekun Atilantika.

Matsayinsu yana fitowa sarai a tsarin naɗin sarki kamar yadda littafin gidan ya adana shi. A wurin bikin, sabon sarki yakan fara miƙa abin sha ga shugaban gidan Ó Caomháin, shi kuma ba ya sha sai ya fara miƙa wa Mac Fhirbhisigh. Makamai da kayan yaƙi da dokin sarkin sukan koma hannun Ó Caomháin, makaman Ó Caomháin da kayansa kuma su koma hannun masanin. Mafi muhimmanci, naɗin ba ya tabbata sai waɗannan mutum biyu sun kira sunan sarautar, masanin kuma ya ɗaga sanda bisa kan wanda ake naɗawa. Hikimar abin a fili take: wanda yake riƙe da salsala shi ne zai iya shaida cewa mai hawa gadon ya gada.

Gidan ya kai ƙololuwar shahararsa a zamanin Giolla Íosa Mac Fir Bhisigh, wanda sunansa na yanka yake nufin bawan Yesu. Tsakanin wajajen 1397 da 1418 shi da almajiransa suka rubuta Babban Littafin Leacán a kan fata, kundin da ya ƙunshi nasaba da tarihin asali da bayanin sunayen wurare. Shi ne kuma ya rubuta wani babban sashe na kundin da ake kira Rawayan Littafin Leacán, inda aka adana ɗaya daga cikin tsofaffin sigogin labarin Táin Bó Cúailnge. A 1560 'yan gidan suka gina soron dutse a Leacán, alamar cewa har lokacin suna da abin hannu.

4.0 Haihuwa da Karatu

An haifi Dubhaltach a Leacán wajajen 1600. Mahaifinsa Giolla Íosa Mór ne, mahaifiyarsa kuma daga gidan Mac Diarmada ta fito. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake ƙara masa Óg, wato ƙarami. Ya zo duniya daidai lokacin da tsarin da ya ɗaukaka gidansu yake rushewa. Yarjejeniyar Connacht ta 1585 ta maye haƙƙoƙin sarakunan Gelawa na lardin da haraji da dokar ƙasa irin ta Ingila. A 1601 aka ci rundunar Gelawa da yaƙi a Kinsale, a 1607 kuma manyan sarakunan arewa suka bar ƙasar zuwa nahiyar Turai. Da sarautar Ó Dubhda ta zama suna kawai, babu sauran naɗin da masani zai ɗaga wa sanda, babu kuma ƙasar da za a ba shi. Hatta Babban Littafin Leacán ya bar hannun gidan tun Dubhaltach yana yaro, ya shiga ɗakin karatun James Ussher, malamin cocin Furotesta.

Duk da haka ya samu cikakken horo na gargajiya: tsohon Gelanci, da tarihi, da nasaba, da shari'ar Gelawa wadda harshenta yake da wuya ko ga masana. Ya haɗa wannan da Latin da Ingilishi da ɗan abin da ya samu na Girkanci. Wannan haɗi ne ya ba shi damar yin hulɗa da masu sabon ilimin binciken tarihi na zamaninsa, ya zama gada tsakaninsu da tsofaffin littattafan fata da ba su iya karantawa.

Aikinsa na farko mai ɗauke da kwanan wata ya fito ne a watan Mayu na 1643, a Ballymacegan ta gundumar Tipperary, mazaunin makarantar shari'a ta gidan Mac Aodhagáin. A can ya kwafe Dúil Laithne, wani ƙaramin ƙamus na kalmomin ɓoye. A wannan shekara kuma ya kwafe wa limamin Katolika John Lynch wasu gutattsarin tarihin shekara-shekara daga wani tsohon littafin gidan Mac Aodhagáin. Gutattsarin sun taɓo shekarun 573 zuwa 914, kuma suna da muhimmanci ga tarihin hare-haren mutanen Sikandinabiya a Ailan. Tsohon littafin ya ɓace, abin da ya rage shi ne kwafin da aka ɗauka daga na Dubhaltach, wanda ke ajiye a Burasels. Haka lamarin yake ga Chronicum Scotorum, tarihin Gelawa mai alaƙa da gidan ibadar Clonmacnoise, da kuma littafin shari'a na Bretha Nemed Déidenach: ta hannunsa suka iso ga masana na baya.

5.0 Zaman Galway

A 1641 tawaye ya ɓarke a Ailan, a 1642 kuma Katolikan ƙasar suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa a Kilkenny. Cikin wannan yanayi Dubhaltach ya koma Galway, birnin kasuwanci na gaɓar yamma, inda yake zaune a 1645 yana aikin nasabar zuriyar Ír, wato tsofaffin gidajen lardin Ulster. A can ya samu abokan ilimi, cikinsu har da John Lynch da matashi Ruaidhrí Ó Flaithbheartaigh, wanda aka fi sani da Roderick O'Flaherty. Dukansu biyu sun amfana da iliminsa a littattafan da suka wallafa da Latin daga baya, na Lynch a 1662, na O'Flaherty a 1685.

A watan Disamba na 1647 ya kammala fassara wasu takardun ƙa'idojin zaman zuhudu daga Ingilishi zuwa Gelanci, domin matan ɗariƙar waliyyiya Clare da ke birnin, bisa roƙon shugabarsu Mary Bonaventure Browne. Aikin cikon wanda Mícheál Ó Cléirigh ya fara ne a 1636. Wannan ya nuna irin halin da masanin gado ya shiga: wanda kakanninsa suka ci ƙasar sarki, shi sai aikin da ya samu daga limamai da masu zuhudu da attajiran birni.

5.1 Leabhar na nGenealach

Babban aikinsa shi ne Leabhar na nGenealach, wato Littafin Nasabobi, wanda ya rubuta mafi yawansa a gidan kwalejin cocin waliyyi Nicholas a Galway cikin 1649 da 1650. Lokacin ya kasance mafi muni ga birnin. A tsakiyar 1649 annoba ta shigo ta jirgin ruwa, ta kashe dubban mutane, masu hali suka gudu ƙauyuka. A watan Agusta na shekarar Oliver Cromwell ya sauka a Ailan da rundunarsa, a watan Satumba aka yi kisan Drogheda. A wannan Agustan ne Dubhaltach ya kammala jerin sarakunan Ailan da ke cikin kundin, ya ci gaba da rubutu har zuwa 28 ga Disamba 1650.

Kundin yana da shafi kusan 950 na takarda, cikin ƙaramin rubutu mai tsabta. Bisa al'adar marubutan Gelanci, ya buɗe shi da bayyana abu huɗu: wurin rubutu, da lokaci, da marubuci, da dalili. Dalilin da ya bayar shi ne ɗaukaka Ubangiji da isar da ilimi ga kowa. Wannan sauyi ne babba, domin littattafan kakanninsa saboda sarki ɗaya da fadarsa aka rubuta su.

Tsarin kundin ya bi tarihin asali na gargajiya. Ya fara da al'ummomin da aka ce sun zauna tsibirin kafin Gelawa, wato mutanen Partholón da na Neimheadh da Fir Bolg da Tuatha Dé Danann. Daga nan ya shiga rassan Gelawa: zuriyar Éireamhón, wadda ta haɗa da Uí Néill da gidajen Connacht da na Leinster, sai zuriyar Ír, sai zuriyar Éibhear ta lardin Munster. Ya kawo nasabar Gelawan Sikotilan da ta waliyyan Ailan. Bai tsaya nan ba, ya shigar da baƙin da suka zama 'yan ƙasa, wato zuriyar mutanen Sikandinabiya da gidajen Normawa irin su Burke da FitzGerald da Butler. A ƙarshe ya yi wa kundin fihirisa mai ɗauke da shigarwa kusan 3,000, abin da ba kasafai ake samu ba a rubutun hannu na Gelanci.

Halinsa na bincike ya bayyana a gabatarwar kundin. Ya kare ingancin ilimin nasaba daga masu shakka, yana kafa hujja da cewa akwai gidajen da aikinsu ke nan tun zamanin da, kuma doka tana hukunta masanin da ya yi ƙarya. Amma da ya kawo wani tsohon bayani da ke rarraba mutanen Ailan bisa launin gashi da ɗabi'a, yana yabon zuriyar Gelawa yana kushe zuriyar Fir Bolg, sai ya bayyana cewa daga tsohon littafi ya ɗauko shi, kuma ba zai ɗauki nauyin tabbatar da shi ba, tun da al'ummomin sun cakuɗu ta hanyar aure. Yakan kuma ajiye riwayoyi biyu masu saɓani gefe da gefe, ya nuna inda ya samo kowace. Masanan zamani suna ɗaukar matakan farko na waɗannan salsaloli a matsayin ƙirƙirar malaman tsakiyar zamani, waɗanda suka so haɗa kowane gidan sarauta da kaka ɗaya. Matakan baya kuwa, musamman na ƙarni na 15 zuwa na 17, sun zama madogara ga masu tarihi, kuma wasu daga cikinsu a wannan kundi kaɗai ake samun su.

6.0 Bayan Yaƙi da Aikin Dablin

Rundunar majalisar Ingila ƙarƙashin Charles Coote ta kewaye Galway daga watan Agusta na 1651, birnin ya miƙa wuya a 1652. Dokar da aka kafa a wannan shekara ta ƙwace filayen ɗimbin Katolika, aka raba wa sojoji da waɗanda suka ba da bashin yaƙi. John Lynch ya yi hijira zuwa Faransa, O'Flaherty ya rasa mafi yawan gadonsa. Dubhaltach ya fita da kundinsa lafiya, ya ci gaba da yi masa ƙari a 1653 da 1657 da 1664.

A watan Afrilu na 1656 yana ƙasarsu ta haihuwa, inda ya zama shaida a auren Dathí Óg Ó Dubhda, magajin gidan da kakanninsa suka yi wa hidima, kuma da Ingilishi aka rubuta takardar auren. A takardunsa na Ingilishi yakan sa hannu da Dudley Ferbisie. Ke nan sauyin da zai haɗiye sunan gidan ya riga ya fara tun yana raye, har ma da alƙalaminsa. A wannan shekara kuma ya fara tsara jerin marubutan Ailan na dā da ayyukansu.

Komawar sarki Charles na Biyu kan gadon Ingila a 1660 ta sa Gelawa da yawa sun sa ran za a mayar musu da filayensu, amma kaɗan ne suka samu. A wani ƙari da ya yi wa kundin a 1664, bayan ya ambaci yaƙe-yaƙen da aka ce Dathí ya ci a ƙasashen waje, Dubhaltach ya lura cewa a zamaninsa ba a samun ko ɗaya cikin ɗari na manyan Gelawa da ya mallaki abin da zai isa a binne shi daga ƙasar kakanninsa, ko da yake suna ta sa rai a shekarar.

A 1665 da 1666 ya yi aiki da James Ware, babban mai binciken kuɗin gwamnati a Ailan, Furotesta, kuma masanin tarihi da ya tara tsofaffin littattafai masu yawa. Ware yana buƙatar wanda zai buɗe masa abin da ke cikin littattafan Gelanci. Dubhaltach ya tsara masa bayanai kan tsofaffin bishop-bishop na Ailan, ya kuma fassara masa tarihin shekarun 1443 zuwa 1468 zuwa Ingilishi daga wani kundin da ya ɓace daga baya, don haka fassarar ce ta tsaya a gurbinsa. Tsakanin waɗannan ayyuka, a 1666, ya fara Cuimre na nGenealach, taƙaitaccen kundin nasaba wanda ya ƙunshi sababbin bayanai da babu su a babban. A watan Nuwamba yana gidan Ware a titin Castle na Dablin yana aiki. Ware ya rasu ranar 1 ga Disamba 1666, kuma da rasuwarsa Dubhaltach ya rasa majiɓincinsa na ƙarshe, ya koma Tireragh.

7.0 Rasuwarsa

A watan Janairu na 1671 wani mai suna Thomas Crofton, ɗan gidan masu filaye na asalin Ingila, ya soke shi da wuƙa har lahira a Doonflin, cikin yankin Skreen na gundumar Sligo. O'Flaherty ne ya rubuta labarin kisan a taƙaice. A ƙarni na 19 Eugene O'Curry ya rubuta wata riwayar baka da ke cewa abin ya faru ne a wani shago da dattijon ya sauka, lokacin da matashin yake takura wa yarinyar da ke tsaron shagon, ita kuma ta nuna masa cewa baƙon yana ganinsa. Dubhaltach ya rasu yana da shekara kusan 70. Da rasuwarsa aikin gadon da aka fara tun kafin 1138 ya yanke. A ƙarni na 20 an kafa masa dutsen tunawa mai siffar kujera kusa da wurin.

8.0 Makomar Littattafan da ta Sunan

Littattafan gidan sun watse, amma manyansu sun tsira. Edward Lhuyd, masani daga ƙasar Wales, ya tattara sassan Rawayan Littafin Leacán a 1700, yanzu yana Kwalejin Trinity ta Dablin. Babban Littafin Leacán ya kai har Paris kafin a dawo da shi cibiyar masana ta Royal Irish Academy a 1787. Leabhar na nGenealach ya daɗe a hannun gidan sarautar Roden, O'Curry ya kwafe shi a 1836, John O'Donovan kuma ya wallafa sashen Uí Fiachrach a 1844. Yanzu kundin yana Kwalejin Jami'a ta Dablin. Bai fito a buge gaba ɗayansa ba sai a 2003 zuwa 2004, lokacin da Nollaig Ó Muraíle ya fitar da shi cikin juzu'i biyar, fiye da shekara 350 bayan rubuta shi.

Sunan kuwa bai samu irin wannan sa'a ba, kuma dalilai uku ne suka haɗu a kansa. Na farko, tun asali gidan ƙarami ne, na masana, a yanki ɗaya, ba kamar gidajen sarauta ba da suke da rassa da mabiya masu yawa. Na biyu, darajar sunan a jingine take da aikin, da aikin ya ƙare sai 'yan gidan suka koma ƙananan manoma. A 1842 wani manomi talaka daga gundumar Mayo ya rubuta wa Royal Irish Academy yana bayyana cewa shi zuriyar ƙanen Dubhaltach ne.

Dalili na uku shi ne mayar da sunaye zuwa Ingilishi. Tun a 1465 aka yi dokar da ta umarci Gelawan da ke zaune a yankin mulkin Ingila kewayen Dablin su ɗauki sunayen Ingilishi. Daga ƙarni na 17 zuwa na 19 matsin ya game ƙasar, domin takardun haya da na kotu da na haraji duk da Ingilishi ake yin su. Akan jefar da Mac ko Ó, sannan a rubuta ragowar yadda kunnen akawu ya ji, ko a fassara ta, ko a musanya ta da wani sanannen suna mai kama da ita. Hanya ta ƙarshe ce ta faɗa wa wannan gida: Firbis ya koma Forbes.

Forbes kuwa suna ne mai zaman kansa, wanda aka samo daga sunan wani wuri a yankin Aberdeen na Sikotilan, ba shi da wata alaƙa da Fear Bisigh. Bugu da ƙari, wani reshe na Forbes na Sikotilan ya samu filaye a gundumar Longford ta Ailan a farkon ƙarni na 17, daga cikinsa aka samu gidan sarautar Granard. Saboda haka masu amsa Forbes a Ailan sun fito ne daga tushe biyu mabambanta, kuma ƙidayar sunaye ba ta rarrabe su. Masanan sunaye irin su Patrick Woulfe, wanda littafinsa ya fito a 1923, da Edward MacLysaght sun danganta Forbes na arewacin Connacht, wato Mayo da Sligo, da tsohon gidan masanan. Bayan kafa ƙungiyar farfaɗo da Gelanci ta Conradh na Gaeilge a 1893, gidaje da yawa sun mayar da Mac da Ó ɗinsu. Wannan ya zo da sauƙi ga wanda gaban sunansa kawai aka yanke. Wanda aka musanya masa sunan ɗungurungum kuwa, sai ya san tarihin gidansu kafin ya san abin da zai koma gare shi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sunan Mac Fhirbhisigh ya samo asali ne daga kaka mai suna Fear Bisigh, mutumin wadata, kuma ya ɗaukaka ne saboda aikin tsare tarihi da nasabar Uí Fiachrach. Dubhaltach ya gaji ilimin bayan sarautar da ke ciyar da shi ta faɗi, sai ya karkata shi daga hidimar fada ɗaya zuwa tattara nasabar ƙasar baki ɗaya, har da ta baƙin da suka zauna cikinta. Da yawa daga cikin abin da ya kwafe ba su da wani tushe da ya rage sai nasa. Ga mai nazarin sunaye, tarihin gidan yana tabbatar da cewa ƙarancin suna a takardun hukuma ba ya nufin ƙarewar zuriya, domin suna yakan ɓuya cikin wani idan harshen mulki ya sauya. Mai neman zuriyar Fear Bisigh a yau zai fara ne daga Forbes na yankin kogin Moy, sannan ya koma ga salsalar gidan da Dubhaltach ya rubuta da hannunsa a sashen Uí Fiachrach na kundinsa.